Aku a kan darbejiya a tsakiyar Kano, na daji ne ko na gidan wani?

Na Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masana tsuntsaye a taimaka min. Yau da safe bayan na sauke yara a makaranta na biyo ta Nasarawa, sai na ji wani irin fito daga saman darbejiya, na ɗaga kai sai ga aku, aku sosai fa, toka-toka mai jar wutsiya, yana zaune abinsa yana gyaran gashi. Kafin in zaro waya ya tashi ya faɗa cikin mangwaron wani gida. To dama akwai aku na daji a Kano ne? Na zo saka shi a eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, ta ƙi karɓa kai tsaye wai sai na yi ƙarin bayani.

Mai Kanari:
Wa alaikumus salam. Hhhh wannan ai akun wani Alhaji ne ya ɓalle, yanzu haka ana can ana zazzaga wa maigadi masifa. Da ka tsaya ka yi masa sallama ma wataƙila ya amsa maka.

Ɗan Hadeja:
Ka tabbata aku ne kuwa? Hasbiya ma daga nesa toka-toka ce, in rana ta haske maka ido sai a hankali.

Na Gwale:
Haba Ɗan Hadeja, ni ne zan kasa bambance aku da hasbiya? Baki baƙi lanƙwasasshe, fuska fara, wutsiya ja jawur. Hasbiya tana fito ne? Gani fa ya kori ji.

'Yar Jos:
Yaya Na Gwale ni kam ban musa ka ga aku ba, yadda ka siffanta shi ɗin nan shi ne, ba wani tsuntsu a ƙasar nan mai wannan kamar. Amma me ka gani daban, daga ina ya fito kuma daban, idonka na farkon kawai zai iya gaya maka. Aku mai jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, a Najeriya sai can kudu irin dazukan Kuros Riba da yankin Neja Delta inda ruwa ba ya yankewa, ga dogayen itatuwa masu kogo da yake ƙwai a ciki ga kwakwar manja da yake mutuwar so. Daga can zuwa Kano ɗaruruwan kilomita ne, kuma shi ba mai ƙaura ba ne irin shamuwa balle a ce iska ce ta kaɗo shi ya ɓace hanya. Sannan ka duba inda ka gan shi, gidaje nawa ne a Nasarawa da Bompai suke da aku a keji?

Ka saka shi abinka amma ka rubuta gaskiya, ba hoto, cikin unguwa ne, ana zaton na keji ne. Tun 2022 eBird ta raba irin waɗannan tsuntsayen da mutum ya kawo gida uku, wanda ya tsere kawai, wanda ya fara hayayyafa a waje amma ba a tabbatar zai ɗore ba, da wanda ya zauna daram ya zama ɗan gari. Naka na farko zai shiga. Ba zai ƙaru a jimillar lissafinka ba amma yana nan a ajiye kowa zai iya gani.

Na Gwale:
Wato dai ba za a ƙirga min ba kenan. To meye amfanin in saka?

Na Landan:
Ka saka Malam, bari in gaya maka dalili, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Nan inda nake a yammacin Landan duk yamma kafin magariba sai ka ji sama ta kaure da kuka kiii kiii, in ka ɗaga kai tsirya ce garke-garke suna wucewa wurin kwana, kore shar masu doguwar wutsiya da jan baki, ita dai tsiryar da muka sani a kan kuka da tsamiya a gida. Ranar farko da na gansu a filin shaƙatawa na Richmond cikin sanyin da hannu ba ya iya riƙe waya sai da na tsaya na sake dubawa. Duk daga keji kakanninsu suka fito. An fara ganin suna ƙwai a waje wajen ƙarshen shekarun 1960, zuwa 1983 hukumar da ke riƙe da jerin tsuntsayen Birtaniya ta karɓe su a matsayin baƙin da suka zauna, yanzu dubun dubata ne, sun kai har garuruwan arewacin Ingila.

Abin da ya sa na kawo maganar, har yau mutanen nan gardama suke a kan yadda abin ya fara, don lokacin da aka riƙa ganin ɗaya-ɗaya yawancin masu kallon tsuntsaye cewa suke ai na keji ne, ba su damu su rubuta ba. Sai tatsuniya ta cike gurbin. Wannan ya ce wani mawaƙin Amurka ne ya saki guda biyu a tsakiyar gari, wancan ya ce daga wurin ɗaukar wani fim suka gudu, wani ya ce guguwar 1987 ce ta farfasa kejina. A 2019 wasu masu bincike suka tattara tsofaffin rahotannin da aka samu suka ɗora a taswira, suka ga ba daga wuri ɗaya ba ne, saki ne da tserewa nan da can shekara da shekaru, har da lokacin da jaridu suka tsorata mutane da cutar da ake ɗauka daga aku wajen 1930 wasu suka riƙa buɗe taga suna korar nasu. Kuma da ɗan abin da wasu tsiraru suka daure suka rubuta aka gano hakan.

Mai Kanari:
Ikon Allah. To namu ne aka kwasa aka kai can?

Na Landan:
A'a Baba, akasari na Indiya da Pakistan ne, an duba jininsu an gani. Iri ɗaya ne da namu amma nasu sun ɗan fi girma kuma bakinsu ya fi ja, na wajenmu bakin ya fi duhu. Ana ganin ma shi ya sa sanyi bai kashe su ba, arewacin Indiya ai ana sanyi. A Brussels kuwa an san ranar da abin ya fara, 1974 wani mai gidan namun daji ya saki kusan 40 wai don gari ya yi kyau, yanzu dubbai ne.

'Yar Jos:
Namu ma sun tafi ai. Ɗan jan tsuntsun nan na damina ja da baƙi da ke lilo a kan ciyawar fadama, mulufi, yana nan yana hayayyafa a kudancin Kalifoniya da tsibirin Puerto Rico. Zalaidu mai doguwar wutsiya shi ma haka, kuma shi ba ya gina sheƙa, a ta wani yake zuba ƙwai, da ya je Kalifoniya bai tarar da waɗanda ya saba yi wa wayo ba sai ya koma kan wani ɗan tsuntsun Asiya wanda shi ma daga keji ya tsere. Jinjimi kuma daga wani gidan namun daji a yammacin Faransa ya bazu har ya dame su yana cin ƙwan tsuntsayen bakin teku, daga 2007 suka fara harbe shi.

Basakkwace:
Ni duk wanga zance na ji shi, amma akwai abin da ka ban haushi. Mi ya sa in mutumin ƙauye wanda anka haifa cikin daji ya ce ya ga tsuntsu kaza sai a ce ba a tabbatar ba, amma in wani ya taho da kyamara mai dogon baki ya kwana biyu sai a buga a mujalla da sunanai? Tsohonmu ya san kukan kowane tsuntsu tun ba a haifi masu manhajar ba. Yanzu ga Na Gwale ya gani da idonai ana ta ja mishi rai.

Na Gwale:
Yauwa Basakkwace faɗa musu dai.

'Yar Jos:
Kawu maganarka akwai gaskiya a ciki ba zan ɓoye ba, sunayen mafarauta da masunta da suka nuna wa masu bincike hanya da yawa ba su shiga takarda ba. Akwai ɗan jan tsuntsu a duwatsun nan namu na Jos yana nan tun kaka da kakanni, sai 1998 aka rubuta shi a matsayin sabon iri, sabo a wurin wa? Amma maganar tabbatarwa ba don raini aka yi ta ba kuma ba ta bar kowa ba. A Birtaniya tun 1959 suke da kwamiti na musamman da ba shi da aiki sai tace rahoton baƙin tsuntsaye, kuma manyan masana ma ana mayar musu da nasu a ce hujja ba ta isa ba. Ba a ce ka yi ƙarya ba, cewa aka yi wanda zai zo bayan shekara hamsin ba shi da yadda zai duba. Mu ma a aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ta nan Jos ke jagoranta tun 2015 haka ne, an yanka ƙasar gida-gida kowane kusan kilomita 9 tsawo 9 faɗi, ka shiga da manhajar BirdLasser ka yi aƙalla awa biyu kana rubuta duk abin da ka gani, in ka saka tsuntsun da ba a san shi a yankin ba za a turo maka tambaya ko kai waye.

Basakkwace:
To ɗiyata wanda bai da babbar waya fa? Shi ganinai ya faɗi banza kenan?

'Yar Jos:
Bai faɗi ba Kawu. Hoto ba shi kaɗai ne hujja ba. In mutum ya faɗi rana da wuri da lokaci, girmansa kusa da wane tsuntsu, kalar baki da ƙafa, yadda yake tashi, me yake ci, da dalilin da ya sa ba wancan mai kama da shi ba ne, wannan bayani ne mai ƙarfi. Ko murya ka ɗauka da ƙaramar waya ta wadatar wani lokaci. Gashin da ya faɗo ma hujja ne. Abin da ba ya tsayawa shi ne "wani ya ce wani ya gani".

Ɗan Hadeja:
Wannan kam haka ne. Bara cikin hunturu sosai wani abokina ya rantse min ya ga shamuwa a fadama, na ce shamuwa a watan Janairu? Kowa ya san sai ruwa ya kusa take zuwa, kaka na yi ta nufi kudancin Afirka. Muka je tare washegari, ashe wani babba ne mai kama da ita baƙi da farin ciki amma baki da ƙafa ja, irin masu zuwa daga Turai. Shi bai yi ƙarya ba iyakar abin da ya sani ya faɗa.

Amma ni ga tawa tambayar da ta fi ta aku wuya. Kwanakin baya da sassafe ina kan hanyar gona wajen Baturiya na ga gauraka biyu sun wuce ta kaina suna wannan kukan nasu, na ga tuntun kansu ƙarara. Rabon da in ga gauraka a sake tun ina yaro. To su kuma a wane aji za a saka su? Gauraka ai ɗan ƙasa ne ba baƙo ba.

Admin:
Tirƙashi. Wannan ita ce tambaya. Masana bismillah.

'Yar Jos:
Wlh Yaya ka sa gabana ya faɗi don murna, amma bari in danne. Gauraka shi ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya amma a daji ya kusa ƙarewa a wajenmu, fadamun da yake ƙwai sun zama gonaki ko sun bushe, ga kamu don kai wa gidajen manya. Yau in kana son ganinsu da yawa sai ka tsallaka gandun dajin Waza a Kamaru ko na Zakuma a Chadi, namu ɗan abin da ya rage sai can gefen Borno kusa da iyaka. To ka ga biyun nan za su iya zama na daji da suka biyo ruwa daga gabas, wanda in haka ne babban labari ne, kuma za su iya zama na gidan wani basarake ko ɗan siyasa da gashin fiffikensu ya sake tsirowa suka tashi. Da aku nan take muka yanke hukunci don wurin ba nasa ba ne. Da gauraka a fadamar Hadeja wurin nasa ne, can kakanninsa suka rayu, don haka taswira ba za ta raba mana gardama ba. Kuma kuskuren ta kowane gefe yana da tsada, in aka rubuta na gida a matsayin na daji sai a ɗauka sun fara dawowa alhali ba su dawo ba, in kuma aka yi watsi da na daji aka ce na gida ne an rasa damar kare wurin da suka sauka.

Mai Kanari:
Bari in sa baki a nan don wannan fannina ne, tun ina saurayi nake kiwon tsuntsu. Tsuntsun da ya zauna a hannun mutum ba ya ɓuya in ka samu ka matso kusa. Na farko fiffike, masu gauraka da dinya suna yanke dogayen gashin gefe ɗaya ne don kar ya tashi, to ko ya fara tsirowa in ya buɗe za ka ga gefe ɗaya da giɓi ko gajere, tashinsa ma a karkace. Wasu kuma ƙashin ƙarshen fiffiken suke cirewa tun yana ƙarami, wannan har abada ba zai tashi ba. Na biyu wutsiya, ƙananan tsuntsayen keji bakin wutsiyarsu a cinye yake kamar tsohuwar tsintsiya saboda gogar waya. Na uku farce, na keji farcensa ya yi zaƙo-zaƙo har yana lanƙwashewa don ba ya taka ƙasa da reshe mai kaushi. Akwai kuma saman baki, wanda aka kamo daga daji yana ta dukan waya yana neman fita za ka ga wurin ya kwaile. Sai zobe ko zare a ƙafa. Sai hali, na gida in ya ga mutum da kwano matsowa yake, na daji tun kana nesa ya miƙe wuya ya tashi.

Amma fa in ya shekara a waje ya sake gashi, wlh ko ni ba zan iya rantsuwa ba.

Ɗan Hadeja:
Baba waɗannan dai a sama na gansu kuma tashi suke lafiya lau, wuya a miƙe ƙafa a miƙe, ban lura da giɓi ba amma ban ce babu ba. Yamma suka nufa.

'Yar Jos:
To ka rubuta haka daidai yadda ka faɗa yanzu har da "ban lura ba". Sannan ka tambayi masunta da Fulanin da ke wurin ko suna ganinsu, da yaushe suka fara, kuma in da hali a bincika ko akwai gidan da gaurakinsa suka ɓata a Hadeja ko Kafin Hausa ko Nguru. In aka sake ganinsu suna kiwo nesa da gari suna gudun mutane, ko Allah ya sa damina ta yi a gansu da 'ya'ya, magana ta canza. Dan Allah kuma kar a saka ainihin wurin a fili a Facebook, masu kamu ma suna karatu.

Na Landan:
Zobe ɗin da Baba ya ambata ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wani filamingo da aka kawo daga Tanzaniya ya tsere daga gidan zu a jihar Kansas ta Amurka a 2005, ba a kai ga rage masa fiffike ba. Aka riƙa ganinsa jefi-jefi a gaɓar tekun Texas har 2022, kuma lambar da ke ƙafarsa 492 ita ta sa aka san shi ne. Ba don ita ba da an yi ta rubuce-rubuce a kan yadda ya ƙetaro teku.

Na Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar irin wannan matsalar da jimina muke da ita. Jimina mai jan wuya da ke yawo a Ayar da Damargu ta ƙare a daji tun farkon shekarun 2000, abin da ya saura na hannun mutane ne da wuraren kiwo kamar na Kelle cikin jihar Damagaram da na Iferwan, ana ta ƙoƙarin a hayayyafa su a maida daji. To lokaci-lokaci sai ka ji labari wani direba ya ga jimina a hanya, ko makiyayi ya ga sawu. Kowa na so ya zama gaskiya shi ya sa labarin ke gudu. Amma akwai masu kuɗi da ke ajiye jimina a garka, wasu ma ba irin tamu ba ce daga wata ƙasa aka sayo, in irin wannan ta kuɓuce ta haɗu da tamu ta asali an ɓata jinin da ake wahalar karewa. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji ba su wasa da tambayar daga ina ta fito.

Basakkwace:
To na ji wannan. Amma dai a riƙa sa sunan mai gani na farko ko da manomi ne, shi kenan roƙona.

Admin:
Wannan kam ba gardama Kawu, a zauren nan duk wanda ya fara gani da sunansa za a tura.

Na Gwale:
Na saka akun dai, na rubuta ana zaton na keji ne, zuciyata ba ta so ba. Amma tambaya, tunda na Landan sun zauna me zai hana aku ya zauna a Kano in suka yi yawa?

Mai Kanari:
Me zai ci? Aku na gida gyaɗa da rake da ayaba aka saba miƙa masa. In ya fita kwana kaɗan yunwa ta koro shi gidan wani, ko yara su jefe shi da danƙo, ko shaho ya gama da shi. Kuma kuɗinsa ya wuce a bar shi a bishiya, unguwa guda za ta fito da tsani.

'Yar Jos:
Ga rani ga rashin kogon da zai yi ƙwai, kuma sai an samu mace da namiji sun tsere lokaci ɗaya sun haɗu, shi kuma ba ya fara haihuwa sai ya yi shekaru. A Kampala akwai su a cikin gari suna yawo amma can ƙasar ruwa ce kusa da dajinsu. Ni abin da ya fi damuna da akun Kano ba ko zai zauna ba ne, yadda aka yi ya zo. Yawancin na kasuwa daga daji aka ɗebo su, wasu tun suna cikin kogo, wasu da danƙo ake kama su, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso keji. A Ghana bincike ya nuna sun ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari daga 1992. Shi ya sa a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannesburg aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe gaba ɗaya. Turai ma ta rufe shigo da tsuntsayen daji tun 2005 lokacin murar tsuntsaye, ta mai da shi na dindindin a 2007.

Mai Kanari:
Ni dai kanari nake kiwo 'yata kar a haɗa ni da masu aku hhh.

'Yar Jos:
Baba ai kanarin ma daga daji ake kamo shi da keji mai tarko, kar mu buɗe wannan babin yau.

Mai Kanari:
Kar mu buɗe ɗin.

Maman Biyu:
Sannunku da ƙoƙari, ni ban san komai a harkar nan ba shigowa na yi in tambaya. Yarana babansu ya sayo musu ƙananan tsuntsayen nan masu kala-kala, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ɗorawa, masu zane-zane baƙi a bayan kai, yanzu sun zama shida kuma yaran sun daina kula su ni ce da sharar ƙaiƙayin gero kullum. Dama niyyata ranar Juma'a in buɗe musu su tafi in samu ladan 'yanta su, sai kuma na ga wannan hirar jikina ya yi sanyi.

'Yar Jos:
Anti dan Allah kar ki sake su. Waɗannan asalinsu Ostireliya ne, kuma na daji can kore ne da ɗorawa, shuɗin nan a keji aka samar da shi, kakanninsu da yawa ba su taɓa neman abinci da kansu ba. Ba su san inda ruwa yake ba ba su san shaho ba, kalar kuma tana tona su daga nesa. Kusan duk mutuwa za su yi cikin 'yan kwanaki, in kuma akwai cuta a jikinsu su bar wa na gari.

Malam Na Zariya:
Hajiya niyyarki mai kyau ce Allah ya ba da lada, amma ajiye tsuntsu a keji ba laifi ba ne matuƙar ana ba shi ci da sha ba a azabtar da shi. Ƙanin Anas bin Malik yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah SAW yana tsokanarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, daga nan malamai suka ciro halascin. Wadda aka yi wa azaba a kan kyanwa kuwa don ta tsare ta ne ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta bar ta ta nema ba. To wanda kika san ba zai iya nema ba in kin sake shi, sakin bai zama tausayi ba. Ki ba wanda zai riƙe su da amana ya fi.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri Malam, na fasa. To wa zai karɓa? Kyauta zan bayar har da kejin, ni dai a raba ni da shara.

Mai Kanari:
Hajiya ni zan karɓa, akwai babban keji da ba kowa a ciki. Kar ki ba su komai sabo kafin nan, geron da suka saba kawai da ruwa mai kyau, kuma ki rufa wa kejin zani in za a ɗauko a adaidaita don kar su firgita su yi ta dukan waya. Ki turo min kwatance ta akwatin sirri yarona zai zo gobe bayan la'asar in sha Allah.

Maman Biyu:
To Baba na gode, amma a bari sai jibi, sai na lallaɓa yaran tukuna kar su tashi su ga wayam su ɗaga min gida.